Lamba 720,720 da Masu Raba Ta

Wanda ke kusa da biro da takarda ya jawo su, wanda kuma waya ce a hannunsa ya buɗe wurin lissafi. Sharhinmu na yau a kan lamba ɗaya tak zai tsaya, kuma ina so kowa ya gwada abin da zan faɗa da hannunsa. Ku rubuta 720, sannan ku sake rubuta 720 a gabanta. Abin da ya fito shi ne 720,720, wato dubu ɗari bakwai da ashirin, da ɗari bakwai da ashirin.

A ce naira 720,720 ce aka ɗora muku a tabarma aka ce ku raba wa jama'a daidai wa daida. In mutum biyu ne, kowa ya tashi da 360,360. In uku ne, 240,240. Wannan ba abin mamaki ba ne. To, ku je ga lambobin da suka saba ba mai rabo ciwon kai. Mutum bakwai, kowa 102,960, ba saura. Mutum goma sha ɗaya, kowa 65,520. Mutum goma sha uku, kowa 55,440. Mutum goma sha shida, kowa 45,045. Tun daga 1 har zuwa 16 babu lambar da za ta bar ko naira ɗaya a kan tabarma. Sai an kai 17 ne za a ga saura, naira biyar. Kuma duk lambobin da ke ƙasa da ita, babu wadda za ta iya wannan. Ita ce ta farko.

In muka ƙirga dukkan lambobin da ke raba ta ba tare da saura ba, har da 1 da ita kanta, guda 240 ne. Ku gwada da miliyan ɗaya, wadda ta fi ta girma, ta kuma fi ta daɗin faɗa a baki. Masu raba miliyan 49 ne kacal. Ko mutum uku ba za su raba naira miliyan ɗaya daidai ba, sai an bar naira ɗaya tana jiran mai ita. Abin da nake son mu fahimta yau ke nan: girman lamba bai gaya maka halinta. Halinta yana cikin abin da aka gina ta da shi, kuma ana iya buɗe ta a gani.

Bari mu buɗe ta. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka rubuta sau biyu a jere, ninka ta aka yi da 1,001. Saboda haka 720,720 ita ce 720 sau 1,001. Ita 1,001 kuwa 7 sau 11 sau 13 ce. Malaman makaranta na iya burge yara da wannan: yaro ya zaɓi kowace lamba mai alƙaluma uku, ya maimaita ta, ya raba da 7, ya raba amsar da 11, ya sake rabawa da 13, sai ga lambarsa ta farko ta dawo masa. Ɗaya ɓangaren, 720, shi ne 16 sau 9 sau 5. Goma sha shida kuma 2 ce sau huɗu a ninke, tara kuma 3 ce sau biyu a ninke.

Nan rabuwa ta tsaya. Mun iso ga 2 da 3 da 5 da 7 da 11 da 13, lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu. Irin waɗannan zan kira su gagara-rabo. Su ne tubalan da aka gina kowace lamba da su, kuma kowace lamba hanya ɗaya rak ake gina ta, ko ta ina ka fara rushe ta tubalan da za ka tarar ke nan. Tamu tana da 2 guda huɗu, 3 guda biyu, sai 5 da 7 da 11 da 13 guda ɗai-ɗai. Tubali goma ke nan.

Yanzu ga inda 240 ɗin nan ta fito, kuma ina roƙon ku bi ni a hankali, domin wannan ne zuciyar maganar. Duk lambar da za ta raba 720,720 dole daga cikin tubalan nan goma aka haɗa ta, ba za ta shigo da baƙo ba. Idan za ka haɗa mai rabawa, sai ka tambayi kanka, 2 guda nawa zan ɗauka? Kana iya ƙin ɗauka, ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku, ko huɗu. Zaɓi biyar ke nan. Wajen 3 kana da zaɓi uku: babu, ko ɗaya, ko biyu. Sauran huɗun kowacce zaɓi biyu ce, ka ɗauka ko ka bari. Sai ka ninka zaɓuɓɓukan: 5 sau 3, 15, sau 2, 30, sau 2, 60, sau 2, 120, sau 2, 240. Ba mu zauna muna gwada lambobi dubu ɗari bakwai ɗaya bayan ɗaya ba, cikin numfashi biyu mun ƙirga su. Haka miliyan: 2 guda shida ce da 5 guda shida, zaɓi bakwai sau zaɓi bakwai, 49. Tana da tubali goma sha biyu, sun fi na tamu yawa, amma iri biyu ne kawai, shi ya sa hanyoyin haɗa su suka yi kaɗan.

Dalilin da ya sa ba a samun ƙaramar lamba da za ta yi aikinta shi ma a fili yake. Kafin 16 ta raba lamba, sai lambar na da 2 guda huɗu. Kafin 9 ta raba ta, sai tana da 3 guda biyu. Sai kuma 5 da 7 da 11 da 13, kowacce dole ta kasance a ciki. Da an tara waɗannan, su 6 da 10 da 12 da 14 da 15 sun samu shiga kyauta, domin abin da suke bukata yana nan. Babu tubali ɗaya da za a zare ba a rasa wani ba.

Ku ƙara mata ɗaya tal, ta zama 720,721. Masu raba wannan huɗu ne kawai: 1, da 71, da 10,151, da ita kanta. Ku ɗebe mata ɗaya, ta zama 720,719, wato 31 sau 67 sau 347, masu raba ta takwas. Lambobi uku ne a jere, wanda ya gan su a rubuce zai ce kusan abu ɗaya ne, amma ta farko takwas, ta tsakiya 240, ta ƙarshe huɗu. Dole ma hakan ta faru ta wata fuska, domin duk abin da ya raba 720,720 daidai, ban da 1, in ya zo kan 720,721 zai bar saura ɗaya. Saboda haka tubalan maƙwabciyar dole su zama sababbi gaba ɗaya. Da irin wannan dabara Uƙlidis, masanin lissafin Girka da ya zauna a Iskandariya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya tabbatar cewa gagara-rabo ba su da ƙarshe. Ko nawa ka tara, ninka su duka ka ƙara ɗaya, lambar da ta fito ko dai ita kanta sabuwar gagara-rabo ce, ko kuma akwai sabuwa a cikinta.

Akwai wani bambanci tsakanin maƙwabtan nan da ya wuce yawan masu rabawa. Ita 720,720 da ka taɓa ta take buɗewa. Ita kuwa 720,721, sai ka gwada 2, ta ƙi, ka gwada 3, ta ƙi, ka yi ta tafiya, gagara-rabo goma sha tara suna dawowa hannu rabbana, sai ta ashirin, wato 71, ƙofa ta buɗe. Ninka 71 da 10,151 aikin minti ɗaya ne ga ɗan firamare. Komawa baya daga amsar zuwa lambobin biyu kuwa sai an yi gumi. Da lamba ta ƙara tsawo, ninkawa na ƙara wuya kaɗan kaɗan, amma warwarewa tana tashi ta fi ƙarfin mutum.

A shekarar 1644 wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya lissafa wasu lambobi da ya ce gagara-rabo ne. Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda ake samu in an jera 2 guda 67 an ninka su an ɗebe ɗaya, lamba mai alƙaluma 21. A 1876 Edouard Lucas ya nuna cewa tana rabuwa, amma bai iya faɗin masu raba ta ba. Sai a 1903, a taron masana lissafi a birnin New York, Frank Nelson Cole ya fito da su: 193,707,721 da 761,838,257,287. Labarin da ake bayarwa shi ne ya hau gaban allo bai ce uffan ba, ya yi lissafin ɓangarorin biyu da alli har suka yi daidai, ya koma ya zauna, jama'a suka yi ta tafi. An ce ranakun Lahadi na shekara uku ya ɓatar kafin ya gano su.

Wannan wahalar ce aka mayar makulli. A 1977 wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da tsarin ɓoye saƙo da ake kira RSA, daga haruffan farko na sunayensu. Ana ɗaukar manyan gagara-rabo biyu a ninka su, a bayyana amsar ga kowa, a ɓoye lambobin biyu. Kowa na iya kulle saƙo da amsar, amma buɗewa sai wanda ya san tubalan. A shekarar suka buga wata lamba mai alƙaluma 129 suka sa ladan dala ɗari ga wanda ya warware ta. Sai a 1994 aka iya, bayan mutum kimanin 600 sun haɗa kwamfutocinsu ta intanet na tsawon wata takwas. A 2020 an warware mai alƙaluma 250. Makullan da aka fi amfani da su yanzu suna da alƙaluma 617. Tsarin nan yana cikin manyan hanyoyin da ake tsare mu'amala ta intanet da su, har da ta bankuna. Wato wanda ya tura kuɗi ta waya daga Kasuwar Kwari zuwa Maraɗi ko Kumasi, wani ɓangare na tsaron kuɗinsa ya dogara da cewa akwai lambobin da ba su faɗin abin da ke cikinsu.

Mu koma kan masu sauƙin hali, domin su ne suka fi kusa da rayuwarmu, kuma a nan ne nake da magana da malamai da iyaye.

Duk wanda ya zauna inda ake rabon gado ya ji kalmomin nan: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi, sulusani, sudusi. Kafin malamin fara'ila ya taɓa dukiyar, sai ya nemi abin da ake kira asalin mas'ala, wato mafi ƙanƙantar lamba da duk kason nan za su fita daga cikinta ba karaya. In tumuni da sudusi suka haɗu, asalin 24 ne. Ta yaya aka samo ta? Littattafan fara'ila sun kasa alaƙar kowace lambobi biyu gida huɗu. Ko dai su zama daidai da juna, shi ne tamasuli. Ko ɗaya ta shiga cikin ɗaya, kamar 3 da 6, shi ne tadahuli. Ko su yi tarayya a wani mai raba su, shi ne tawafuƙi. Ko kuma ba su haɗa komai ba, kamar 3 da 8, shi ne tabayuni. Takwas da shida sun yi tawafuƙi a rabi, sai a ɗauki rabin ɗaya a ninka da ɗaya cikakkiya, 4 sau 6, a samu 24. Abin da muka yi ɗazu ke nan da muka tara tubalan 1 zuwa 16 ba tare da maimaita wanda ya riga ya shigo ba.

Bari mu gwada da lambarmu. Mutum ya rasu, an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, abin da ya rage naira 720,720. Ya bar mata ɗaya, da uwa, da uba, da 'ya'ya maza biyar, mata uku. Mu kasa dukiyar gida 24, kowane kaso 30,030. Matar tana da tumuni, kaso uku, 90,090. Uwa sudusi, kaso huɗu, 120,120. Uba shi ma haka. Kaso goma sha uku suka rage wa 'ya'ya, wato 390,390. Namiji yana da rabon mace biyu, maza biyar kaso goma, mata uku kaso uku, jimla goma sha uku. Kowace 'ya 30,030, kowane ɗa 60,060. Ba kwabo ɗaya da ya yi saura. Da 'ya'yan maza huɗu ne mata uku, kaso goma sha ɗaya ke nan, nan ma 390,390 za ta rabu, domin 11 na cikin tubalanta. A zahiri dukiya ba ta zuwa da irin wannan sauƙin, shi ya sa malamai suka ƙirƙiro hanyar gyara mas'ala, su ninka asalin har ya karɓi yawan magada. Ba aikin jiya ba ne. Alkawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, kaso mai tsoka na littafin nan a kan wasiyya da gado ya yi shi.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Yaro ɗaya yana zuwa boko da safe a koya masa neman mafi ƙanƙantar lamba da lambobi biyu ke shiga cikinta, da Turanci, a matsayin ƙa'idar da za a haddace don jarrabawa. In ya girma ya zauna a zaure gaban malam ya kai babin fara'ila a Risala, sai a koya masa tawafuƙi da tabayuni da Larabci. Da wuya ka samu wanda ya gaya masa abu ɗaya yake karantawa sau biyu. Malamin boko yana ganin zaure ba shi da lissafi, ɗalibin zaure yana ganin lissafin boko ba ruwansa da addini, yaron kuma ya tashi yana cewa shi kansa ba ya ɗaukar lissafi. Da malamin aji zai kawo mas'alar gado guda ɗaya ya ɗora a kan allo ranar da yake koyar da masu raba lamba, na tabbata da yawa daga cikin yaran da ke gyangyaɗi za su miƙe zaune, domin sun taɓa ganin gidan da rabo ya raba kan 'yan'uwa.

Dattawa daga cikin masu sauraro kuma sun riƙe irin wannan lamba a aljihunsu. Kafin 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta fara aiki a Najeriya, fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kwabo goma sha biyu. Fam ke nan kwabo 240, lamba mai masu rabawa ashirin. Mutum uku su raba fam, kowa sule shida da kwabo takwas. Sule kansa yana rabuwa sisi biyu ko taro huɗu. Naira mai kwabo ɗari masu raba ta tara ne, uku ba ta ciki, shida ba ta ciki. Ba ina cewa a koma fam ba ne, lissafin goma-goma ya fi sauƙin rubutawa da tarawa, kuma abin da ya sa aka sauya ke nan. Amma an biya wannan sauƙin da wani sauƙin. Minti sittin na awa da digiri 360 na da'ira kuwa, waɗanda asalinsu ke komawa ga lissafin mutanen Babila, sun ƙi sauyuwa. Faransa ta gwada raba yini awa goma bayan juyin juya halinta, a 1793, ba ta cika shekara biyu ba ta janye.

Tun da daɗewa akwai wanda ya ɗauki maganar nan da muhimmanci har ya so ya gina gari a kanta. Aflatun, masanin falsafar Girka da Turawa ke kira Plato, a littafinsa na Dokoki, ya ce garin da yake tsarawa ya kasance da gidaje 5,040, kada su ƙaru kada su ragu. Hujjarsa ita ce lambar tana rabuwa da duk lambobi daga 1 zuwa 10, tana da masu rabawa 59 ban da ita kanta, don haka za ta yi amfani wajen yaƙi da zaman lafiya, wajen haraji da rabon ƙasa. In an kasa jama'a ƙabila goma sha biyu, kowacce gida 420. Ya kuma lura da aibinta, 11 ba ta raba ta, har ya ce maganin mai sauƙi ne, a ware gida biyu. Gaskiya ne, 5,038 tana rabuwa da 11. Sai dai wannan magani yana kashe kusan sauran duka, domin 5,038 ko 3 ba ta karɓa. Maganin da ba ya ɓata komai shi ne ninkawa. Ku ninka 5,040 da 11, ku sake ninkawa da 13. Amsar ita ce 720,720.

Wanda ya yi wa irin waɗannan lambobi cikakken bincike shi ne Srinivasa Ramanujan, ɗan kudancin Indiya da aka haifa a 1887. Talaka ne, bai gama jami'a ba a ƙasarsu, yana aikin akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras lokacin da ya rubuta wa G. H. Hardy na Jami'ar Kambirij wasiƙa a 1913. Shekarar da ta biyo baya ya tafi Ingila, a 1915 kuma ya buga doguwar maƙala a kan lambobin da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu rabawa. Jerin ya fara da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, 180, 240, 360. Ku lura da waɗanda muka riga muka gamu da su: 12 ta sule, 24 ta gado, 60 ta awa, 240 ta fam, 360 ta da'ira. Mutane daban-daban a zamuna daban-daban, ba tare da sun yi shawara ba, bukatar rabo ta kai su ga jeri ɗaya. Ta goma sha tara a jerin ita ce 5,040, ta talatin da takwas kuma 720,720.

Ramanujan ya nuna yadda dole a gina su. Tubalan su fara daga 2, su bi juna ba tsallake. Ƙaramin tubali kada ya kasa babba yawa. Na ƙarshe kuma guda ɗaya ne, in ban da a 4 da 36. Dalilin ba ya da nisa. Ku cire 13 daga lambarmu ku sa 17 a gurbinta, za ku samu 942,480. Masu raba ta 240 ne su ma, domin zaɓuɓɓukan ba su sauya ba, amma ta fi tsada da sama da dubu ɗari biyu ba tare da ta ƙara komai ba. A ƙasa da miliyan lambobi huɗu ne suka kamo 720,720 a yawan masu rabawa, babu wadda ta wuce ta. Wadda ta fara wuce ta ita ce 1,081,080, mai 256. Ita ta ajiye 2 guda ɗaya ta ɗauki 3 a madadinta, don haka duk da yawan masu raba ta, 16 ba ta cikinsu.

Wani ɓangare na maƙalar Ramanujan ba a buga shi a 1915 ba, saboda ƙarancin kuɗi a ƙungiyar da ke fitar da mujallar. Ya rasu a 1920 yana da shekara 32, sauran rubutun kuma bai fito ba sai a 1997. A cikinsa ya tsallaka daga ƙirga masu rabawa zuwa tara su, kuma nan ne maganar ta yi zurfi.

In aka tara duk masu raba 720,720 guda 240 ɗin nan, jimlarsu 3,249,792 ce, wato ninki huɗu da rabi na lambar da ɗan ɗoriya. In aka tara na 5,040, jimla 19,344 ce, kusan ninki 3.84. Tambayar ita ce, akwai iyakar da wannan ninki ba zai wuce ba? Akwai wani ma'auni da masana suka fitar, wanda ke tashi a hankali ƙwarai yayin da lamba ke girma. A wurin 720,720 ma'aunin yana kan 4.63, ita kuma tana kan 4.51, ta matso amma ba ta kai ba. A wurin 5,040 ma'aunin yana kan 3.82, ita kuma ta haura shi da ɗan kaɗan. Akwai wasu 'yan ƙananan lambobi da su ma suka haura. Amma duk binciken da aka yi da kwamfuta, ba a ga wata sama da 5,040 da ta haura ba.

A 1984 wani masani Bafaranshe, Guy Robin, wanda yana cikin mutum biyun da daga baya suka fitar da ragowar rubutun Ramanujan, ya tabbatar da wani abu mai nauyi. Cewa babu lamba sama da 5,040 da za ta haura ma'aunin nan daidai yake da hasashen da Bernhard Riemann ya yi a Jamus a 1859 game da yadda gagara-rabo suka bazu a cikin lambobi. In ɗaya gaskiya ne, ɗayan ma gaskiya ne, in ɗaya ya faɗi, ɗayan ya faɗi. Hasashen Riemann yana cikin matsaloli bakwai da Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa wa ladan dala miliyan ɗaya kowacce a shekarar 2000, kuma ɗaruruwan sakamako a ilmin lambobi an gina su ne bisa zaton cewa gaskiya ne. Wanda ya samo lamba ɗaya tak sama da 5,040 da jimlar masu raba ta ta haura ma'aunin ya rushe hasashen. Masana sun san cewa in har akwai irin wannan lamba, ta farkonsu dole ta kasance mai irin ginin 720,720, ƙananan tubala da yawa, manya ɗai-ɗai, ba tsallake, sai dai tsawonta zai wuce duk abin da za a iya rubutawa a takarda. Gwaji kuwa, komai yawansa, ba ya zama hujja, domin lambobi ba su ƙarewa. Har yau ba a samo lambar ba, ba a kuma tabbatar cewa babu ita ba.